Yadda Ake Mayar da Wasan Jifan Kwabo Wasan Karta Ba Tare da Zuba Kuɗi Ba

Kafin kuɗin ƙarfe su shigo ƙasar Hausa, da wuri ake ciniki, da shi kuma ake caca, domin wuri yana da fuska biyu: ko ya faɗi bakinsa yana kallon sama, ko ya faɗi a kife. Da Turawa suka kawo anini da dari da kwabo mai huda, sai jifan ya koma kansu, kuma bayan canjin kuɗi na 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, an ci gaba da jefa sababbin sulalla a bayan kasuwa da gindin bishiya. Yau sulallan sun ɓace daga aljihun mutane. Ko waɗanda Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, wato kwabo 50 da naira 1 da naira 2, da wuya a sami mai shagon da zai karɓe su a ƙauyukan Kano da Jigawa. Abin da ake samu cikin sauƙi shi ne karta, wadda 'yan koli ke bajewa a kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis.

Tun farko ya kamata a san cewa wasan da za a haɗa a nan na maki ne, ba na kuɗi ba. Caca haramun ce da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma laifi ce a ƙarƙashin dokar Shari'a da jihohin Kano da Jigawa suka ɗauka a shekarar 2000, wadda Hisba ke sa ido a kanta. Sai dai cire kuɗin yana haifar da wata matsala da mai haɗa wasa ba zai iya kau da kai daga gare ta ba. Jifan kwabo sa'a ce tsagwaronta, kuma kuɗin da ke ƙasa ne ke sa zuciya bugawa. Idan aka janye su, ba abin da ya rage sai kallon ƙarfe yana faɗuwa, samari kuwa ba za su yi minti goma a kan haka ba. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a ɗauko lissafin tsohon wasan a zuba shi cikin karta ba tare da ya gurɓata ba, sannan a cike gurbin da kuɗi suka bari da zaɓi da riƙon abu a ka.

Mataki na farko: a warware lissafin tsohon wasan

Siffar jifan ta bambanta daga gari zuwa gari, amma a nan za a ɗauki mai sulalla huɗu, domin ita ta fi dacewa da karta. Mutum ɗaya ne ke jifa. Yana tara sulallan a tafin hannu, ya kaɗa, ya watsa a ƙasa, sai a duba nawa ne suka nuna hoto, nawa ne kuma suka nuna tambari. Idan aka sami biyu da biyu, ko duka huɗun suka faɗi ta fuska ɗaya, an yi cika. Idan uku suka faɗi ta fuska ɗaya, ɗaya ya saɓa, an yi mara.

Kowane sule yana da hanya 2 ta faɗuwa, don haka huɗun suna da 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato hanya 16. A cikinsu hanya 8 na bayar da mara, hanya 6 na bayar da biyu da biyu, wanda daga nan za mu riƙa kira rabi da rabi, sannan hanya 2 kacal ke sa duka huɗun su zo iri ɗaya, wanda za mu kira bai ɗaya. Idan aka haɗa 6 da 2 an sami 8, ke nan cika da mara kunnen doki suke. Akwai hikima a zaɓen huɗu: ko da abin da ake jefawa ya fi son faɗawa ta fuska ɗaya, a ce sau 6 cikin 10, bambancin da zai shiga tsakanin cika da mara bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A rubuta waɗannan lambobi uku, 8 da 6 da 2, a bangon littafi, domin duk abin da za a yi nan gaba da su za a auna shi.

Mataki na biyu: a zaɓi karta, a raba ta fuska biyu

Karta mai ja da baƙi ita ce mafi sauƙi. Tana da kati 52 idan aka cire joka, 26 jajaye, 26 baƙaƙe. Ja ya tsaya a madadin hoto, baƙi a madadin tambari, lambar da ke jikin katin kuwa ba ta da aiki ko kaɗan. Wasu za su so a ba sarki ko goma wata daraja ta musamman. Shawarata ita ce a bar wannan, domin sule ba shi da fuska ta uku, kuma da zarar an shigar da daraja, lissafin 16 ɗin nan ya rushe.

A ƙauye sau da yawa Whot ce ake samu, kuma ita ma tana yi, sai dai tana buƙatar tsefewa. Masu da'ira 12 ne, masu kusurwa uku 12, kuros 9, masu kusurwa huɗu 9, taurari 7, sai katunan da ke ɗauke da lamba 20. A cire taurari da masu lamba 20 gaba ɗaya. A haɗa masu da'ira da kuros su zama fuska ɗaya, kati 21 ke nan, a haɗa masu kusurwa uku da masu kusurwa huɗu su zama ɗaya fuskar, su ma 21. Tunda idon mutum bai saba ganin da'ira da kuros a matsayin abu ɗaya ba, yana da kyau a ɗiga musu jan biro a tsakiyar fuska. A bayan katin kuwa kada a taɓa komai.

Akwai hanya ta uku ga wanda ke son lissafin ya fito daidai wa daida da na sulalla. A sayi farin kwali irin wanda ɗalibai ke zane a kai, a yanka kati 16 masu girma ɗaya, a zana ɗigo huɗu a kan kowanne, ta yadda kati 8 za su nuna mara, 6 su nuna rabi da rabi, 2 su nuna bai ɗaya. Zaro kati ɗaya daga cikinsu daidai yake da jifa ɗaya, muddin ana mayar da shi a gauraya kafin a sake zarowa. Kwalin taliya ko na sukari bai dace ba, saboda rubutun da ke bayansa zai sa yara su haddace kowane kati kafin la'asar. Wannan hanya tana da amfani wajen koya wa yara lissafi, amma a matsayin wasa ba ta da armashi, don haka ba a kanta za mu tsaya ba.

Mataki na uku: a gane inda karta ta saɓa wa kwabo

A nan ne yawancin masu haɗa irin wannan wasa ke kuskure. Kwabo ba ya tuna abin da ya faru. Ko ya nuna hoto sau goma a jere, jifa na sha ɗaya sabo ne fil. Karta kuwa kamar rumbu take, abin da aka ɗiba ya ragu ke nan. Idan katin farko da aka buɗe ja ne, saura jajaye 25 cikin kati 51. Idan na biyu ma ja ne, saura 24 cikin 50, sannan 23 cikin 49. Kowane ja da ya fito yana rage damar ɗan'uwansa. Sakamakon haka, bai ɗaya da ke zuwa sau ɗaya cikin 8 a sulalla, a sabuwar karta sau ɗaya cikin 9 yake zuwa, wato kimanin kashi 11 cikin 100. Rabi da rabi ya ɗan ƙaru daga kashi 37 da rabi zuwa kashi 39, mara kuwa yana nan dab da kashi 50.

Wannan bambanci ƙarami ne a jifan farko, amma yana girma idan aka ci gaba da zarowa ba a gauraya ba. Mai haɗa wasa yana da zaɓi biyu. Zai iya mayar da katunan huɗu a gauraya bayan kowane jifa, sai wasan ya zama kwaikwayon kwabo mai cin lokaci. Ko kuma ya bar kartar ta ci gaba da raguwa, ya mai da wannan ragin ya zama zuciyar wasan, ta yadda mai lura da abin da ya fita zai fi mai wasa da ka. Na biyun ne nake ganin ya cancanci wahalar, domin shi ne abin da karta ke da shi wanda kwabo ba shi da shi.

Akwai gyara ɗaya da ya zama dole. Kati 52 jifa 13 ne cif, kuma wanda ya ƙirga jajayen da suka fita a jifa 12 ya riga ya san na ƙarshe tun ba a buɗe ba. Maganin wannan shi ne, bayan an gauraya, a zare kati huɗu a tura su ƙarƙashin tabarma ba tare da kowa ya gani ba. Sai zagaye ya zama jifa 12, kuma har zuwa ƙarshe mai ƙirga yana da rinjayen zato ne kawai, ba tabbas ba. Mai amfani da Whot ya ɓoye kati biyu daga cikin 42, ya yi jifa 10.

Mataki na huɗu: a tsara maki

Ƙa'idar ita ce abin da ya fi wuyar zuwa ya fi tsada, kuma a daidai gwargwadon wuyarsa. A koma ga lambobin nan uku. Idan aka ba mara maki 3, rabi da rabi maki 4, bai ɗaya maki 12, za a ga 8 sau 3 ya ba da 24, 6 sau 4 ya ba da 24, 2 sau 12 ma ya ba da 24. Ma'ana, wanda ya dage yana kiran mara da wanda ya dage yana kiran bai ɗaya, idan wasa ya yi tsawo, kusan wuri ɗaya za su tsaya. Wannan shi ne makin karta mai kati 16. A karta mai 52 ko Whot, tunda bai ɗaya ya ƙara wuya, sai a ɗaga shi zuwa maki 14, a bar sauran yadda suke.

Wanda kiransa bai faɗa daidai ba, ba a rage masa komai. Makin kuma daga ƙwarya ɗaya da ke tsakiya ake ɗibarsa, ba daga gaban abokin wasa ba. 'Ya'yan tsamiya su tsaya a maki ɗaya, ƙwallon dabino a maki biyar, idan an tashi a mayar da su duka cikin ƙwarya. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin ranar da aka fara cewa wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci, an maido da siffar caca, saura kawai wani ya ce a sa kuɗin shayi. Haka nan kada a yarda da cewa na ƙarshe zai sayi rake ko ya biya cajin waya, ko da da wasa aka faɗa.

Mataki na biyar: a raba katin a hannu

Mutum huɗu ne ke zama, kowannensu ya tsaya a madadin sule ɗaya. Bayan an ɓoye huɗun nan, a raba sauran 48, kowa ya sami 12, ya riƙe yana kallo shi kaɗai. Wanda ke dama da mai rabo shi ne mai jifan farko. Kowa ya zaɓi kati ɗaya daga hannunsa ya ajiye a gabansa a kife, ya ɗauke hannu. Sai bayan katuna huɗu sun kwanta ne ake fara kira, daga mai jifa a zagaya ta dama, kowa ya faɗi abin da yake zato: mara, ko rabi da rabi, ko bai ɗaya. Ba a yarda mutum fiye da biyu su riƙe kira ɗaya ba, don haka na ƙarshe wani lokaci sai ya ɗauki abin da aka bar masa. Daga nan a buɗe tare, a ba masu gaskiya makinsu, a bar katunan a buɗe gwargwadon yadda kowa zai gani, sannan a kife su a gefe. Ba a sake ɗaga abin da aka kife. Jifa na gaba ya koma hannun na dama.

Mai karatu zai iya tambaya ko sanin launin katin da mutum ya ajiye bai ɓata lissafin ba. Bai ɓata ba. A ce ja ka ajiye, saura uku da ba ka sani ba, masu hanya 8. Hanya 1 ce ke kawo jajaye uku, bai ɗaya ke nan. Hanya 3 ke kawo ja ɗaya da baƙi biyu, rabi da rabi ke nan. Sauran 4 mara ne. Lambobin 4 da 3 da 1 su ne 8 da 6 da 2 da aka raba biyu. Abin da ke ba mutum rinjaye shi ne ƙirga da kuma karantar halin abokan zama, domin akwai wanda ba ya iya ajiye launi ɗaya sau uku a jere, akwai kuma wanda ke fara rabuwa da launin da ya fi yawa a hannunsa.

Ga misali. An yi jifa takwas, kati 32 sun fita, mai ƙirga ya riƙe cewa 20 daga ciki jajaye ne. Ke nan a cikin kati 20 da suka rage, har da huɗun ƙarƙashin tabarma, jajaye 6 ne kawai, baƙaƙe 14. Damar bai ɗaya ta tashi daga ɗaya cikin 9 zuwa kusan ɗaya cikin 5, alhali makinsa na nan 14. Mai jifa ya ajiye baƙi ya ce, "Bai ɗaya." Ƙaninsa da ke dama ya dube shi ya ce, "Yaya, ko dai ka ga wani abu ne?" Sai shi ma ya bi sahu, na uku da na huɗu kuwa ƙofar ta rufe musu. Ko ya faɗa daidai ko bai faɗa ba, kiran ya yi kyau, kuma a wannan gaɓar ce ake gane wanda ke bin wasan da wanda ke zaune kawai. A lura cewa idan baƙi ne ya yi yawa, ajiye ja yana kashe wa kowa bai ɗaya, don haka mai riƙe da jajaye biyu na ƙarshe yana da makami a hannunsa, sai ya san lokacin da zai sake shi.

A matsakaici mutum kan tara wajen maki 18 a zagaye ɗaya, don haka zagaye uku ya isa zama guda, wanda ya fi yawa shi ya ci. Idan mutum uku ne, kowa ya karɓi 12, a riƙa zaro na huɗu daga saman ragowar. Idan biyu ne, kowa ya ajiye ɗaya, a zaro biyu daga ragowar. Kada a bar mutum ɗaya ya ajiye kati biyu, domin wanda ya ajiye ja da baƙi ya ɗaga damar rabi da rabi zuwa ɗaya cikin biyu, makin kuwa ba a kan haka aka gina shi ba. Idan an kai biyar ko shida, huɗu su riƙe kati, sauran su yi kira kawai, a riƙa musanya wurin zama bayan kowane zagaye.

Mataki na shida: a gwada, a toshe ƙofofin maguɗi

Kafin a kai wasan dandali, mutum biyu su zauna da biro da takarda su yi jifa 80, suna gauraya bayan kowanne, suna jan layi a ƙarƙashin abin da ya fito. Abin da ake sa rai shi ne mara ya zo wajen 40, rabi da rabi wajen 30, bai ɗaya wajen 9 ko 10. Ba zai fito cif ba, kuma saɓanin huɗu ko biyar ba abin damuwa ba ne. Amma idan bai ɗaya ya haura 20, to, gaurayawar ce ba ta yi ba. Sabuwar karta a jere take fitowa daga kwali, launi ɗaya a wuri ɗaya, kuma irin gaurayawar da aka saba, ta zaro dunƙule daga ƙasa a ɗora a sama, ba ta raba su sosai. Abin da ya fi shi ne a baje katunan a kife a kan tabarma, a cuɗa su da tafuka biyu na kamar minti ɗaya, a tattara, sannan wanda ke hagu da mai rabo ya yanka.

Tsohuwar karta kuma tana da nata aibin. Ƙurar hunturu da zufar hannu kan sa wasu katuna su yi duhu, wani kusurwarsa ta lanƙwashe, wani ya tsage, mai ido kuwa zai haddace su. Idan aka ga kati mai alama, a cire shi tare da wani na ɗaya launin, domin fuskokin biyu su ci gaba da zama daidai, sannan a rage katunan da ake ɓoyewa daga huɗu zuwa biyu. Abu na biyu shi ne haɗa baki: mutum biyu na iya shirya cewa tari na nufin ja, sosa kunne na nufin baƙi. Dokar da ke rage wannan ita ce ba a magana daga lokacin da aka fara zaɓen kati har huɗun su kwanta, kuma wanda aka kama ya rasa makin zagayen gaba ɗaya.

Saura maganar wuri da lokaci. A ƙauyukanmu ganin samari sun yi da'ira da karta a hannu kan sa dattijo ya zaci caca ake yi, kuma akwai malaman da ba sa son wasan karta ko da babu kuɗi a ciki, saboda yana shagaltarwa. Don haka a yi shi a fili inda kowa ke gani, a ƙofar gida ko inuwar darbejiya, ƙwaryar 'ya'yan tsamiya na tsakiya, a kuma sanar da mai gida ko mai unguwa tun kafin a fara. Idan ya ce a bari, a bari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, bayan an gama kai amfanin gona gida. Idan aka kira salla zagaye bai ƙare ba, kowa ya kife katinsa a inda yake zaune, a ɗora dutse a kai saboda iska, a tuna wanda jifa ke hannunsa, in an dawo a ci gaba daga nan.